Wanzami ko Mai Aski? Tambayoyi da Amsoshi kan Sunan Mai Gyara wa Maza Kai

Ba rana ɗaya na tara tambayoyin nan ba. Wasu ɗalibaina na darasin Hausa ne suka yi mini su, wasu daga samarin da suka buɗe shagunan aski a Bauchi Road da Unguwar Rogo da Rikkos a nan Jos suka fito, wasu kuma daga magidantan da aka yi wa haihuwa suna shirin suna. Kusan duk a wuri ɗaya suke tsayawa: wane ne wanzami, daga ina sunan ya zo, kuma yaron da ke riƙe da kilifa a shago ya cancanci a kira shi da shi? Na fara da masu sauƙi.

Mene ne ma'anar wanzami?

Wanzami shi ne mutumin da sana'arsa ta ginu a kan aska. Yana aske kai, yana gyaran fuska, yana yin ƙaho, yana yi wa yara maza kaciya, a da kuma shi ke yin tsagar gado da cire belu. Jam'insa wanzamai, sana'arsa wanzanci. Gashi kashi ɗaya ne kawai cikin aikinsa, kuma a idon mutanen da, ba shi ne kashi mafi nauyi ba.

Ashe wanzami da mai aski ba abu ɗaya ba ne?

Kowane wanzami mai aski ne, amma ba kowane mai aski ne wanzami ba. Yaron da ya koyi riƙe kilifa cikin wata shida, ya kama shago a Farin Gada, ya sa madubi da kujera mai juyawa, mai aski ne, kuma sana'arsa halaliya ce mai daraja. Sai dai in matarka ta haihu ba shi za ka aika wa ba, shi ma ba zai yarda ya taɓa kan jariri ɗan kwana bakwai ba.

Wanzami yawanci gadon gida ne. Ya tashi yana ɗaukar wa mahaifinsa zabira, ya ga jini tun yana ƙarami, ya san gidajen da kakansa ke yi wa aiki, har yau kuma su ne gidajensa. Akwai iyalan da wanzaminsu ɗaya ne tun daga kaka har jika. Wannan dangantaka ce babu ita tsakaninka da mai shago, wanda in layi ya yi tsawo sai ka tsallaka na gaba. Abin da ya kamata mai shago ya rubuta a allonsa, na yi bayaninsa a amsa ta ƙarshe.

Kalmar wanzami Bahaushiya ce tun asali?

Ginin kalmar da kansa yana nuna baƙuwa ce da ta daɗe har ta zama 'yar gida. Dubi yadda Hausa ke raɗa wa masu sana'o'inta suna. Daga ƙera aka sami maƙeri, daga saƙa masaƙi, daga jeme majemi, daga rina marini, daga gina magini. Ana ɗaukar aikatau a sa masa “ma” a gaba, a rufe da “i”. Da an bi wannan hanya, sunan mai aske kai ma'aski ne, kuma kalmar tana nan, Bahaushe zai gane ta in ya ji. Amma wanzami ba shi da aikatau a bayansa. Ba wanda ke cewa “zan wanzama kaina”.

Sunayen sana'a da ba su da aikatau a Hausa galibi aro ne. Dillali da alƙali da malami daga Larabci suke. Tela da kafinta da birkila da direba daga Turanci. Wanzami yana sahun farko, na tsofaffin baƙi, waɗanda suka shigo tun kafin Bature ya taka ƙasar nan.

To daga wane harshe ta fito?

Bayanin da ya fi ƙarfi, wanda kuma ni na gamsu da shi, shi ne wanda ke mayar da ita ga kalmar Larabci hajjam, wato mai yin hijama, abin da mu muke kira ƙaho. Dalilin farko ma'ana ce. Hajjam a tsohon Larabci mai tsotse jini ne daga jiki don magani, kuma a ƙasashen Musulmi da yawa mutum ɗaya ne ke haɗa wannan aiki da aski da kaciya. A Maroko har yanzu hajjam yana nufin mai aski, a al'adance kuma shi ke yi wa yara kaciya. A Indiya da Fakistan, masu harshen Hindi da Urdu suna kiran mai aski hajjam, askin kansa kuma hajamat. Kalma ɗaya ta tafi gabas ta tafi yamma, kuma ko'ina ta sauka sai ta sauka a kan mutum mai aska a hannu, mai ayyuka uku ko huɗu, daidai da wanzaminmu.

Dalili na biyu addini ne. Hijama sananniya ce a sunna. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa wani mai suna Abu Ɗaiba ya yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, hijama, aka kuma biya shi ladan aikinsa da abinci. Kaciya da askin jariri ran suna su ma ayyuka ne da Musulunci ya ƙarfafa. Duk garin da addinin ya kafu, ana bukatar mutumin da zai riƙa yin waɗannan abubuwa, kuma ba abin mamaki ba ne sunansa ya biyo hanyar da malamai da fatake suka biyo.

Wannan ba ya nufin Hausawa ba su san aski ba sai da Larabci ya zo. Aska da aski da ƙaho da tsaga duk kalmominmu ne (duba amsar da ke kan aski da aska). Sunan ma'aikacin ne ya zo daga waje, kamar yadda muna da ciniki tun fil azal amma muka ari sunan dillali.

Amma hajjam da wanzami ba su yi kama a kunne ba. Ta yaya ɗaya zai koma ɗayan?

Wannan ita ce tambayar da ɗalibai masu kaifin basira suka fi yi, kuma suna da gaskiya. Amsar tana cikin hanyar da kalma ta bi. Kalmomin Larabci iri biyu ne a Hausa. Akwai waɗanda malamai suka ɗauko kai tsaye daga littafi, su ba su cika sauyawa ba: adalci, hukunci, niyya, sadaka. Akwai kuma waɗanda suka ratso bakunan wasu al'ummomi kafin su iso mu, Buzaye ko Barebari ko mutanen Songhai, kowa ya ɗan tauna ya miƙa wa na gaba. Waɗannan sai an zauna kafin a gane su.

Misali, wa zai ce kasuwa daga suƙ ta fito? Amma haka ne, ta biyo ta bakin Barebari, waɗanda ke cewa kasugu. Azumi daga saum yake, ya ratso ta harsunan mutanen Sahara, can ya samo siffar da muka karɓa. Wanda ya yarda da waɗannan biyu ba zai ga tazarar hajjam da wanzam da yawa ba. Ƙarshen kalmar, “am”, yana nan yadda yake. Tsakiyarta, inda Larabci ya ninka “j”, ta koma “nz”. Farkonta ne ya fi sauyawa, kuma “h” ɗin Larabci ta maƙogwaro harafi ne da harsuna da yawa ba su da shi, shi ya sa yake saurin faɗuwa a hanya.

“I” ɗin ƙarshe kuwa aikin Hausa ne. Harshenmu ya fi son suna ya ƙare da wasali: imam ya zama limami, ƙalam ya zama alƙalami, mu'allim ya zama malami. A wanzanci kuma “m” ta koma “n” saboda harafin da ya biyo ta, kamar yadda malami ya ba da malanta.

Tana da alaƙa da “wanzu” ko “wanzuwa”?

A'a. Kama ce ta sauti kawai. Na taɓa jin wani yana cewa an kira shi wanzami ne don tsagar da ya yi tana wanzuwa har mutuwa. Magana ce mai daɗi, amma Hausa ba ta gina sunan mai aiki ta haka. Da daga wanzu ne, da “ma” za ta zo a gaba.

Hausawa kaɗai ke amfani da kalmar?

Ko kusa. Zabarmawa suna cewa wanzam, Barebari ma haka. A Gana kalmar ta fita daga zango ta shiga bakin kowa, Musulmi da Kirista, amma can ma'anarta ta tsuke: in Bagane ya ce wanzam, mai kaciya yake nufi. Wannan ya nuna aikin da aka fi sanin wanzaman Hausawa da shi a can. Yarabawa kuma tsohon sunan mai aski a wurinsu onigbajamo ne, wanda ya kasa kunne zai ji amon hajjam a ƙarshensa.

In hajjam mai ƙaho ne, me Larabawa ke kiran mai aski yau?

Hallaƙ, daga halaƙa, wato ya aske. Duk wanda ya je aikin Hajji ko Umara ya ga kalmar a rubuce a shagunan da ke kusa da Marwa da kuma a Mina. Tushenta yana cikin Alƙur'ani, a Suratul Fathi aya ta 27, inda aka ambaci masu aske kawunansu da masu saisaye. Larabci ya raba ayyukan biyu, kowanne da sunansa. Hausa ta ɗauki sunan mai jini ta ɗora wa mutumin gaba ɗayansa, da gashin da jinin.

Aski da aska fa, daga ina suke?

Su 'yan gida ne, uwa ɗaya uba ɗaya: aske shi ne aikatau, aski aikin, aska makamin. Kewaye da su akwai kalmomi masu yawa da ya kamata a riƙe. Saisaye rage gashi ne ba tare da an kai ga fata ba. Ƙwal-kwabo shi ne a aske tas har kai ya yi sheƙi. Gyaran fuska ya shafi gemu da saje da gashin baki. Zanko da tukku sunayen gashin da ake bar wa yara ne a da. Na mata kuwa kitso ne, mai yinsa makitsiya, ba a haɗa ta da wanzami ko kaɗan.

Kayan da suka zo daga baya sun zo da sunayensu. Almakashi daga Larabci, reza da kilifa daga Turanci.

Kalmar Turanci “barber” da muke gani a allunan shaguna, mene ne asalinta?

Gemu. A Latin, harshen tsoffin Rumawa, barba shi ne gemu. Daga nan tsohon Faransanci ya samo sunan mai gyaran gemu, Turancin Ingila kuma ya ara daga Faransanci wajen ƙarni na 14. Su Rumawan kansu ba haka suke kiransa ba, tonsor suke cewa, daga aikatau mai nufin saisaye gashi. Faransawan yau sun fi cewa coiffeur, kalmar da duk wanda ya shiga Maraɗi ko Yamai zai gani a alluna, ita kuma asalinta daga sunan wata hula ne.

A bakinmu “r” ɗin tana faɗuwa, sai a ji kamar an ce baba. Ina jin wannan na cikin dalilan da suka hana kalmar zama da gindinta a Hausa kamar yadda tela da direba suka zauna, don ta yi karo da sunan mahaifi. Ko a Jos, inda Hausa da Turanci ke cakuɗe a baki ɗaya, yaro zai ce “zan je shagon aski” ko “zan je wurin mai aski”.

Abin lura shi ne kowace al'umma da inda ta kalli mutumin. Bature ya kalli gemu, Bafaranshe ya kalli abin da ke kan kai, Balarabe ya kalli askewar, mu kuma sunan da muka riƙe ya kalli ƙaho.

Da gaske ne Turawa ma sun taɓa samun irin wanzamanmu?

Da gaske ne. Shekaru ɗaruruwa a Turai mai aski shi ke tsaga jijiya ya zubar da jini, ya cire haƙori, ya fasa maruru, ya ɗinke rauni. A Landan, a 1540, zamanin Sarki Henry na Takwas, an haɗa masu aski da masu fiɗa a ƙungiya ɗaya, ba su rabu ba sai 1745. Ambroise Paré na Faransa, wanda ya rasu a 1590 kuma ake lissafa shi cikin iyayen aikin tiyata, daga wannan sana'a ya fito. Sandar nan mai ratsin ja da fari da ake gani tana juyawa a ƙofar wasu manyan shagunan aski a Abuja, daga wancan zamani ta samo asali: ja jini ne, fari kuwa ƙyallen ɗaure rauni.

Ina kawo wannan ne don masu ganin wanzanci alamar ci-baya ne da ya keɓanta da mu. Hanya ɗaya aka bi. Bambancin shi ne can rabuwar ta ɗauki ƙarnuka, mu kuma a cikin rayuwar mutum ɗaya asibiti ya karɓi jinin, shago ya karɓi gashin.

Yaya wanzanci yake a Jos?

Ya zo tare da mutanen da haƙar kuza ta jawo a farkon ƙarni na 20. Leburori da fatake da mahauta da malamai sun taho daga Kano da Zariya da Bauci da Katsina da Barno, musamman bayan ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso a 1914, babban layin dogo kuma a 1927. Duk inda aka kafa unguwa za a yi haihuwa, za a yi suna, za a yi kaciya, don haka wanzami ba ya nisa da liman. Tsofaffin unguwanni irin su Gangare da Dilimi da kewayen Masallacin Juma'a nan ne aka fi sanin gidajensu.

Ina yaro, mahaifina yakan kai ni wurin wani dattijo da ke shimfiɗa tabarma a gindin katanga da safiyar Juma'a. Wanda ya san sanyin Jos a watan Disamba ya san abin da ake nufi da a jiƙa maka kai da ruwa da hantsi. Dattijon yakan ajiye 'yar butarsa kusa da garwashin mai shayi don ruwan ya yi ɗumi, ba don kowa ba sai don yara. Zai murza sabulu a kaina da tafin hannu har gashin ya yi laushi, ya zaro aska daga zabira, ya wasa ta a fata sau uku ko huɗu, ya gwada a gashin hannunsa. Sai ya dafe mini kai da yatsu uku, ya ja fatar ta miƙe. Ba ka jin komai sai ɗan sautin askar, kar, kar, da numfashinsa a bayan kunnenka. In ya kusa goshi sai ya ce, “Yi haƙuri ɗana, saura kaɗan.” Mahaifina kuma in zai biya ba ya tambayar kuɗi nawa, sai ya dunƙule abin da ya sawwaƙa ya ce, “Baba, ga na goro.” A wurin na fahimci abin da ake nufi da aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi, tun kafin a koya mini shi a aji.

Yau irin waɗannan dattawa sun ragu ƙwarai. Masu zuwa wurinsu galibi tsofaffi ne da suka saba, da malamai masu son ƙwal-kwabo, da masu neman ƙaho.

Me ke cikin zabirar wanzami?

Zabira jakar fata ce mai aljihuna. A ciki akwai asake iri-iri, ta aski daban, ta kaciya daban, 'yar ƙaramar tsaga daban. Akwai dutsen washi da fatar da ake gyara kaifi, da almakashi, da hantsaki, da ƙahoni, da ƙulle-ƙullen garin magani na tsayar da jini.

Ƙahon na shanu ne, an yanke shi an huda tsininsa. Wanzami zai kafa shi a baya ko a ƙeya, ya zuƙe iskar da baki, ya toshe hudar, ya bar shi har fatar ta kumburo. Sai ya cire, ya yi 'yan tsage ƙanana, ya mayar ya sake zuƙa, jini ya taru a ciki. Masu hijama na zamani kofunan roba da famfo suke amfani da su, amma dabarar ɗaya ce. Wannan aiki, kamar yadda na faɗa a amsar asalin kalma, shi ne ya ba wanzami sunansa.

Wane ne Sarkin Aska?

Shugaban wanzamai na gari ko na masarauta. Kamar yadda maƙera ke da Sarkin Maƙera, mahauta ke da Sarkin Fawa, haka wanzamai ke da nasu, sarki ne ke naɗa shi. Shi ke sasanta su in an yi rikici kan gidan aiki, shi ake kai wa ƙara in wani ya yi ɓarna. A lura, sarautar ba ta ɗauki baƙuwar kalma ba, ta ɗauki sunan makamin. A gaisuwa, ko dattijon wanzami ba shi da rawani, in ka ce masa “Sarkin Aska, barka da hantsi”, ka girmama shi.

Me ake nufi da “wanzami ba ya son jarfa”?

Jarfa 'yan tsage ne ƙanana da ake yi a fata, na ado ko na magani. Wanzami ya yi wa mutane da yawa, amma in aka juyo da askar kansa sai ya noƙe. Ana faɗar karin maganar ga wanda ke yi wa wasu abin da shi ba zai jure ba. Ko a nan ma, da Bahaushe ya tashi yi wa wanzami karin magana, tsaga ya tuna, bai tuna gashi ba.

An yi mini haihuwa. Wane aiki zan ba wanzami, wanne zan hana?

Askin suna, ran kwana bakwai, sunna ce, har an so a yi sadaka da azurfa gwargwadon nauyin gashin. Wanzamin da ya ƙware ya fi kowa iya kan jariri, don ya san inda maɗiga take, ya san yadda ake riƙe shi. Ka kira shi, ka ba shi haƙƙinsa da kasonsa na naman suna yadda aka saba. Sharaɗi ɗaya: sabuwar reza, a ɓare ta a gabanka, ya kuma wanke hannu da sabulu.

Kaciyar ɗa namiji, ko a asibiti ko wurin wanzami, abin dubawa shi ne ƙwarewa da tsabtar kayan aiki, da kuma sanin inda za a garzaya in jini ya ƙi tsayawa. In a danginku akwai masu matsalar zubar jini, ko an haifi jaririn kafin watanninsa su cika, ko idonsa ya yi ɗorawa, asibiti kai tsaye.

Akwai abubuwa uku da nake roƙon iyaye su bari, kuma ina faɗa ne a matsayin mai ƙaunar wannan sana'a. Cire belu: belu halitta ce, kowa da shi aka haife shi, yanke shi kuma na jawo zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta a maƙogwaron jaririn da bai da ƙarfin jurewa. Tsagar fuska: dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta hana yi wa yaro tsaga ko zane a fata. Sai duk wani yanka a al'aurar 'ya mace, kowane suna aka ba shi: dokar hana cin zarafin mutane ta 2015 ta haramta shi, kuma illarsa na bin yarinya har ɗakin haihuwa. In kaka ta matsa, a zauna da ita cikin ladabi a ce, “Hajiya, a bar wannan, likita ya hana.” Wanzamai da yawa yanzu su da kansu ba sa yi.

Aska ta fi kilifa haɗari wajen ɗaukar cuta?

Haɗarin ba a sunan makamin yake ba, yana ga ko an tsabtace shi tsakanin kai da kai. Ciwon hanta nau'in B da C da cuta mai karya garkuwar jiki duk suna bin jini, kuma ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya rayuwa a wajen jiki aƙalla kwana 7. Kilifar da aka wasa don ta fitar da layin goshi tana yanka fata kamar aska, ko da ba ka ga jini ba.

Ɗan ƙanwata ya taɓa kwaso makero a wani shago a unguwarmu. Wata biyu ana fama, gashin ya zube a wurare uku, yaron har ya daina son cire hula a makaranta. Da na je na zauna na lura, sai na ga buroshi ɗaya ake bi da shi kan kowa, ƙyalle ɗaya ake ɗaura wa kowa a wuya tun safe, kilifar kuma ɗan hura mata iska kawai ake yi. Na yi wa mai shagon magana, ya karɓa da kyau, ya gyara. Tun daga nan na saya wa yaran gidanmu kilifarsu, suna tafiya da ita. Wanda bai da hali, ya tsaya a goge ta da buroshi a wanke bakinta da sifirit a gabansa, ya kuma nemi sabuwar reza. Allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B tana nan, mai aski da kansa ya fi kowa bukatarta.

Na buɗe shago. In rubuta “wanzami” a allo, ko me?

In kilifa da almakashi ne aikinka, rubuta “Shagon Aski” ko “Mai Aski”. Gaskiya ce, kowa zai gane, kuma ba wanda zai shigo maka da jariri ko ya ce a kafa masa ƙaho. Kilifar lantarki da ke hannunka ba ta daɗe a duniya ba, wani Ba'amurke, Leo Wahl, shi ya yi rajistar irinta a 1921, kuma sana'ar da ta haifar sabuwa ce mai ƙa'idojinta. In a Terminus kake ko wata unguwar da masu shigowa ba duka ke karanta Hausa ba, ka sa Hausar a sama, Turancin a ƙasa.

In kuwa ɗan gidan wanzamai ne kai, ka gāji zabira ka kuma koyi kilifa, to sunan naka ne, rubuta shi da manyan baƙaƙe. Na san wani matashi a wajen unguwar Nasarawa da ya yi haka. Da rana yana shago, ran suna kuma tun da asuba yana gidajen da kakansa ya yi wa aiki, da fakitin sababbin reza da safar hannu a cikin tsohuwar zabirar. Tsofaffin matan gidajen har yanzu da sunan kakan suke kiransa.